Ƙoƙon Kai a Ƙasa, Fukafukai a Sama

Hajiya ba ta taɓa son sunan garin da na zo karatu ba. A takarda Dundee ake rubutawa, amma a baki Dandi ake cewa, kuma babu uwar da za ta so a tambaye ta ina ɗanta ta ce ai ya tafi Dandi. Ranar da na ƙara mata da cewa yanzu duk Asabar a maƙabarta nake wuni, shiru ta yi har na zaci waya ta yanke.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Hajiya. Mutanen sun kusa shekara 300 da mutuwa. Duwatsun kaburburansu muke bi muna rubutawa."

"To. Allah ya shirye ka. Ka dai riƙa addu'a kafin ka shiga."

Abin ya samo asali ne daga yanke hanya. A tsakiyar birnin akwai wata tsohuwar maƙabarta da ake kira Howff, wato mahaɗa a harshen mutanen Sikotland. Asalinta lambun wasu 'yan zuhudun Kirista ne, Sarauniya Meri ta ba wa garin filin a 1564 don a riƙa binne mutane. Sunan mahaɗa kuwa ya biyo bayan ƙungiyoyin sana'o'i tara na garin, waɗanda a nan cikin kaburbura suke taronsu har zuwa 1776: masu gasa burodi, masu ɗinkin takalma, masu safar hannu, teloli, masu hula, mahauta, maƙera, masaƙa da marina. Ka ɗauka Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera ne suke kiran mutanensu taro a bakin kushewar iyayensu. Ina ratsawa ta ciki wata rana sai idona ya faɗa kan wani dutse mai hoton ƙoƙon kan mutum, da ƙasusuwa biyu a gicciye a ƙarƙashinsa, irin alamar da muka sani a jikin kwalbar guba da taransifoma. Na ce a raina wannan ɗan fashin teku ne, tunda garin bakin ruwa yake. Na ƙara taku goma na ga wani. Na ga na uku, na ga na goma. Na ce ikon Allah, duk garin ɓarayin teku ne ke nan?

Makonni kaɗan bayan haka na ga sanarwa a ɗakin karatu: wata ƙungiyar masu sha'awar tarihi tana neman 'yan sa-kai da za su taya ta ƙididdige duwatsun harabar wata tsohuwar coci a wani ƙauye na yankin Angus, arewa da mu. Na ba da sunana, rabi don tambayar ɓarayin nan, rabi don Asabar a ƙasar sanyi tana da tsawo in ba ka da kowa.

Mu takwas ne, kuma ni kaɗai ne gashina bai yi fari ba. Shugabarmu wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar firamare, wadda har yau take magana kamar tana gaban allo. A nan zan kira ta Malama. Ta tara mu a wani ɗan ɗakin dutse da ke bakin ƙofa, inda muke ajiye kaya da fulas ɗin shayi. Daga baya na ji cewa an gina irin waɗannan ɗakuna ne don masu gadin dare, a zamanin da ake tone sabuwar gawa a sayar wa masu koyar da aikin likita, kafin dokar 1832 ta kashe kasuwar.

Ranar farko ba mu karanta ko harafi ɗaya ba. Taswira muka yi. Aka ja igiya aka raba harabar gida-gida, kowane dutse aka ba shi lamba a takarda, ko a tsaye yake, ko a kwance, ko guntunsa ne kawai ya leƙo daga ciyawa. Aka haɗa ni da wani tsohon ma'aikacin gidan waya, mutum mai ƙarancin magana da yawan alewa a aljihu. Rabonmu ya faɗo daga lamba 40 zuwa 58, a kudancin cocin, inda tsofaffin duwatsu suka fi yawa.

Kowane dutse da fom ɗinsa. Tsayi, faɗi da kauri da tef ɗin awo. Irin dutsen. Ina ya fuskanta. Ya karkata ko yana tsaye sosai. Sai zane na kowace fuska, sai rubutun da ke jiki, layi bayan layi, harafi bayan harafi, yadda masassaƙin ya sassaƙa shi ko da ya yi kuskure. Inda ya goge a bar gurbi, ba a cikewa da zato. Wannan sashen ba shi da wuya, haƙuri kawai yake ci.

Dokokin Malama uku ne, kuma ta sa muka maimaita su da baki kamar 'yan aji biyu. Ba a kankara. Ba a shafa alli ko sabulu ko wani magani. Ba a tono. In ya zama dole, ruwa zalla da buroshi mai laushi, shi ma sai ta gani ta yarda.

A Asabar ta biyu na karya ta farko.

Dutse mai lamba 47 bai kai ƙuguna ba a tsayi, ya ɗan sunkuya gaba kamar tsoho mai neman abin da ya faɗi. Dutsen yashi ne, ja-ja, irin na yankin. Jikinsa duk wasu tabo-tabo ne fari da ruwan ɗorawa kamar ƙyasbi, wani tsiro ne da ke manne wa dutse, ga gansakuka a gindi. Na hango wani harafi yana leƙowa a ƙarƙashin tabon, sai na sa farcen babban yatsa na ɗan kankara. Ban ma matsa ba. Wani ɓawo mai girman kwabo ya ɓamɓaro ya faɗo a tafin hannuna, da rabin harafin a jikinsa. Na murza shi kaɗan ba da niyya ba, ya zama gari.

Jikina ya yi sanyi. Abin da ya jure ruwa da ƙanƙara tun kafin jihadin Shehu Usmanu, ni na gama da shi cikin ƙiftawar ido.

Malama ta zo ta duba, ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Ta ƙwanƙwasa gefen dutsen da bayan yatsa a hankali ta ce in saurara. Wani wuri ya ba da sauti mai ƙarfi, wani wuri kuma ya yi kwaf-kwaf kamar gangar da ta huje. Ta ce dutsen yashi hawa-hawa yake kamar shafukan littafi. Ruwa ya shiga tsakani, sanyi ya daskarar da shi, ya kumbura, sai shafin sama ya rabu da 'yan'uwansa yana jiran abin da zai taɓa shi.

"Ka rubuta a fom, ɗana," in ji ta. "Ka sa kwanan wata, ka ce kai ne. Wanda zai zo bayan shekara 50 yana da haƙƙin sanin cewa ba ruwan sama ba ne."

Na rubuta. Yana nan har yanzu a ƙasan fom na 47, da rubutun hannuna.

Abin da ya kamata in yi maimakon farce shi ne in jira yamma. A watan Disamba rana tana faɗuwa a nan wajen ƙarfe uku da rabi, la'asar da magariba kusan a manne suke. Da haske ya fara dushewa sai Malama ta fito da tocila. Ba ta haska fuskar dutsen kai tsaye ba. Ta kai tocilar can gefe, kusan ta jingina da dutsen, yadda hasken zai shafi fuskarsa a kwance. Nan take duk wani ɗan kwarmi ya cika da inuwa, duk wani ɗan tudu ya yi haske. Dutsen da na wuni ina kallo a matsayin bango mai ƙyasbi ya buɗe ido. Gani ya kori ji.

Daga ƙasa ta sa muka fara. A daidai inda dutsen ya shige ƙasa akwai ƙoƙon kai, rabin haƙoransa a binne, domin duwatsun nan nutsewa suke yi sannu a hankali, kuma ba mu da izinin tono. Masassaƙin bai ƙware da siffar kai ba: ya yi shi kamar ƙwaryar da aka kife, da ramukan ido biyu zagayayyu da hanci mai kusurwa uku, har yana kama da mai murmushi. A gefensa ƙasusuwan cinya biyu a gicciye. A ɗaya gefen agogon yashi, wato kwalba biyu baki da baki da yashi ke zuba daga ta sama zuwa ta ƙasa, irin wadda ake ajiye wa mai wa'azi a kan mumbarin coci don kada ya zarce. Sai shebur da wani abin yankan ciyawa a gicciye, kayan aikin mai haƙa kabari. Sai ƙaramar ƙararrawa ta hannu. A kan wannan Malama ta ɗan tsaya: in an yi rasuwa, wani ma'aikacin coci ne ke zaga gari da ita yana kaɗawa yana faɗin sunan mamaci da lokacin jana'iza, sannan ya shiga gaban masu ɗauke da gawa yana kaɗawa har bakin kabari. Sanƙira ke nan, na mutuwa. A saman waɗannan duka an sassaƙa wani abu kamar ƙyallen da iska ke kaɗawa, ɗauke da kalmomin Latin guda biyu, MEMENTO MORI, ma'ana ka tuna za ka mutu.

Na yi ƙarfin hali na kawo maganar ɓarayin teku. Abokin aikina ya yi dariya har alewa ta kusa shaƙe shi. Malama ta ce kusan duk baƙon da ya shigo da tambayar yake zuwa, wasu kuma su ce alamar annoba ce. Babu ko ɗaya. Manomi, tela, matar mai gasa burodi, yaro ɗan shekara biyar, duk ƙoƙon kan nan ake sa musu.

Sai ta ɗaga tocilar zuwa ƙololuwar dutsen. Can sama akwai fuska mai kumatu, da fukafukai biyu a buɗe suna fitowa daga wuya, babu gangar jiki. Na ce mala'ika ne. Ta ce a'a, ran mamacin ne yana tashi. Mala'iku ma ana sassaƙa su, amma su da cikakken jiki suke zuwa, galibi da ƙaho a baki suna busar tashin ƙiyama. Ta ce in lura da tsarin: kayan mutuwa a ƙasa kusa da turɓaya, rai a sama kusa da sararin samaniya, a tsakiya kuma abin da mutum ya yi da hannunsa tsakanin biyun. Daga ƙasa zuwa sama ake karanta shi.

Na tsaya ina kallo, sai na ji bakina ya motsa da abin da ya saba faɗi a gaban kowane kabari, na kama kaina. A nan ne na lura da abin da babu. Na bi duwatsunmu goma sha tara, a tsofaffin cikinsu babu gicciye ko ɗaya, kuma babu wanda ya roƙi mai wucewa ya yi wa mamaci addu'a. Na tambaya. Amsar tana komawa 1560, shekarar da Sikotland ta juya wa cocin Katolika baya ta bi tafarkin su Jon Noks, malamin da ya jagoranci sauyin. Sabuwar cocin ta ce addu'ar rayayye ba ta ƙara wa matacce komai, hisabinsa ya riga ya rufe. Ta yi ƙyamar gicciye da gumakan waliyyai, ta rage bukukuwan jana'iza ƙwarai, ta kuma yi ta yaƙi da al'adar binne manya a cikin ginin coci. Da mutane suka koma harabar waje, masu ɗan hali suka fara kafa duwatsu tun a ƙarni na 17, abin ya bunƙasa a na 18. To tunda dutse ba zai nema wa na ƙasa rahama ba, sai ya juyo ga na sama ya yi masa wa'azi. Shi ya sa rubutun wasu daga cikinsu da bakin mamacin yake magana, yana ce wa mai wucewa yadda kake na taɓa zama, yadda nake za ka zama.

Ni da na taso inda kabari tudun ƙasa ne, sai guntun tukunya ko ɗan allon ƙarfe in an so a gane shi, hoton ƙashi a kan kushewa bai kwanta mini ba, kuma har yau bai gama kwanta mini ba. Amma saƙon ba baƙo ba ne a kunnena. Dalilin da aka ce mu ziyarci maƙabarta ke nan, don ta tuna mana lahira. Su dai sun ɗauki tunatarwar sun sassaƙa ta da guduma ne, saboda manomin da bai iya karatu ba shi ma ya gane.

Tsakiyar dutsen ce ta ba ni damar wanke laifina. Akwai wani abu dogo mai tsini a baki biyu, da rami a cikinsa. Abokin aikina ya ce kwalekwale ne, ko kifi, tunda teku ba ta da nisa, har ya fara rubuta masunci. Na ce ya dakata. Na karɓi tocilar na sauya mata gefe. A cikin ramin akwai wani ɗan siririn abu a kwance. Na san wannan abin. Ina yaro, a ƙofar gidan kakana akwai wani tsohon masaƙi da ke zama a ƙarƙashin rumfa, ƙafafunsa suna wasa da igiyoyi, hannuwansa suna cilla wannan abin daga dama zuwa hagu.

"Ƙoshiya ce," na faɗa da Hausa, domin sunanta na Turanci ya ɓace mini. Sai na kwatanta da hannu.

Malama ta sunkuya, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce in rubuta masaƙi. Ta ce yankin Angus cike yake da masu saƙar lilin a gidajensu a wancan ƙarni, tun kafin manyan masana'antu su zo su haɗiye su. Kowace sana'a da tambarinta: tela almakashi da dutsen guga, maƙeri guduma da kambin sarauta a samanta, manomi bakin garma, mai burodi dogon katakon da yake zura burodi da shi a tanda, ɗan kasuwa kuma wata alama mai kama da lamba 4. Daga ranar nan na daina zama yaron da ya ɓare dutse, na koma mai ƙoshiya.

Rubutun da ke ɗaya fuskar ya ba mu wahala. Da farko na yi ta ganin harafin f a inda bai dace ba, ashe tsohuwar s ce mai tsayi. Harafin I kuma a farkon suna sau da yawa J yake nufi. Kalma takan kai ƙarshen layi a yanke ta ba gaira ba dalili a ƙarasa a layin ƙasa, domin mai sassaƙar galibi magini ne na ƙauyen, wanda ya gina katanga da safe ya zauna kan dutsen kabari da yamma. Cikakken suna ya goge. Abin da ya rage haruffan farko ne hawa biyu, na miji da na mata, kuma harafin sunan gidansu bai zo ɗaya ba, saboda matan Sikotland na lokacin ba sa barin sunan gidansu in sun yi aure, kamar dai namu. Na mijin I ne da wani harafi, wanda rabinsa ya tafi a tafin hannuna. Zai iya zama B, zai iya zama R, zai iya zama P. Shekara kuwa 174 ne, lambar ƙarshe ta shafe tun kafin zuwana.

Mataki na ƙarshe a kan kwamfuta aka yi shi. Gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Sikotland ba sai 1855. Kafin nan sai littattafan coci, kuma su ɗin sun fi kula da baftisma da aure a kan mutuwa. Malama ta nuna mini dabara: a nemi littafin kuɗi. Kowace coci tana da wani baƙin mayafi, sau da yawa na karammiski, da ake hayarsa a lulluɓe akwatin gawa daga gida zuwa kabari, kuɗin hayar ya shiga asusun talakawa. Magatakarda ba zai rubuta wane ya mutu ba, amma ba zai manta ya rubuta an karɓi kuɗin mayafi na wane ba. Hotunan littattafan nan da yawa suna shafin ScotlandsPeople na hukumar adana takardun tarihi ta ƙasar. Na yi dare uku ina bin shekaru goma na rubutun wani magatakarda mai gaggawa, da kuɗin Sikotland na dā, wanda fam 12 nasa ne ke yin fam ɗaya na Ingila. Na samu mutum uku da harafin farko ya dace: ɗaya mai B, biyu masu R. Ba a faɗi sana'ar kowannensu ba, kuma ba a kawo sunan matar ko ɗaya ba.

Na so in zaɓi ɗaya, har na fara kawo hujjoji. Malama ta ce in sa duka ukun a bayan fom, in rubuta ba a tabbatar ba.

Duwatsu na 55 zuwa 58 sun zo da sauƙi, rabin wuni muka gama su. Na ƙarni na 19 ne, wasu na dutsen garin Abadin mai ƙyalli wanda farce ba ya yi wa komai, rubutu tsaf kamar jiya aka yi. Babu ƙoƙon kai, babu shebur, babu ƙararrawa. Sai tulu da aka yafa wa mayafi, da bishiya mai rassa a sunkuye, da kalmomin kewa. Masu kuɗin zamanin sun gaji da a riƙa nuna musu ƙashi. Abokin aikina ya ce su ya fi so, sun fi mutunci. Ni kuwa ko zanensu ban ji daɗin yi ba.

Muka miƙa fom goma sha tara da hotuna a ƙarshen Fabrairu. Kwafi ɗaya zai tafi ɗakin adana tarihi na yankin, ɗaya ya zauna wurin ƙungiyar. A daren na aika wa Hajiya hoton tsakiyar dutse na 47 kaɗai, na yanke ƙasan don kada ta ga ƙoƙon kan, ban kuma gaya mata ko mene ne ba. Da safe na tarar da saƙon murya.

"Wannan ai ƙoshiya ce. Su ma Turawan suna saƙa da hannu? Ka ce da su bakin nata ya yi kauri, zai riƙa kama zare."